Birnin Damagaram: Abin da Gine-gine da Sunaye ke Faɗi game da Tarihi

Birnin da takardun gwamnati ke kira Zinder, mutanen ƙasar Magariya da Dungas ba su cika kiransa da wani suna ba sai Damagaram. Asali kuwa Damagaram sunan wani ƙaramin gari ne a arewa maso gabas, wato Damagaram ta Kaya, wanda daula ta ɗauki sunansa, daga baya babban birninta ya gaje shi. Wannan ya isa ya nuna cewa sunayen wurare shaidu ne na tarihi, daidai da ganuwa da fada.

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga wani malami Babarbare a ƙarni na 18, kuma sarakunansa sun daɗe suna kai gaisuwa ga Barno. A farkon ƙarni na 19 ne aka mai da gadon sarauta Zinder, a zamanin Sarki Sulaiman. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka daular. Ya kewaye gari da ganuwa ta ƙasa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka yi masa igwa a cikin garin. Daga wannan ganuwa unguwar Birni ta sami sunanta, gama a zamanin da Hausawa ba su ce wa gari birni sai yana da garu. Yawancin ganuwar ya rushe, amma sunan bai gushe ba.

A cikin Birni akwai fadar Sarkin Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, da masallaci a gabanta, da tsofaffin gidaje masu zane a fuskar zaure, a tsakanin manyan duwatsun da suka zama alamar garin. Bature mai yawon bincike James Richardson ya sauka nan a 1851, Heinrich Barth kuma a ƙarshen 1852. A shekarar 2006 Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO sunan Birni da fadar a jerin wuraren da take neman a lissafa cikin kayan gadon duniya.

Arewa da Birni akwai unguwar Zango. Ma'anar kalmar a fili take: masaukin ayari. Nan ne Abzinawa da fataken Gadamas da na Tarabulus ke sauke raƙumansu a bayan ganuwa, suna kawo gishiri da tufafi da makamai, suna tafiya da fatu da gashin jimina da bayi. Sanannen attajirin nan Malam Yaro a Zango ya yi zamansa. Don haka garin tun asali kashi biyu ne, mulki a Birni, ciniki a Zango.

Kashi na uku Faransawa ne suka kawo shi. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga garin, suka gina bariki bisa tudu suka sa masa sunan Cazemajou. Bayan samun mulkin kai aka sake masa suna da na Tanimun. Zinder ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Unguwar ofisoshi da ta tashi tsakanin Birni da Zango tun wannan zamani take.

Tarihin birnin ba ya cika sai an haɗa shi da na ƙasashen kudu. Dungas, tare da Waca da Miriya, tana cikin ƙasashen Sosebaki, waɗanda suka riga Damagaram kafuwa, daga baya suka shiga ƙarƙashinta. Sarautar Magariya kuwa reshe ce ta gidan Daura, wanda ya rarrabu bayan jihadin farkon ƙarni na 19, wasu ƴaƴansa suka nemi inuwar Damagaram. Waɗannan ƙasashe masu albarkar noma su ne suka ciyar da birnin, kuma ta cikinsu hanyar Kano ta bi. Yawan Hausawansu, haɗe da harshen kasuwa, na daga cikin dalilan da suka sa gidan sarauta mai tushen Barno ya zama mai magana da Hausa. Duk da haka Barbarci ya bar sawunsa a laƙaban fada, irin su Kaigama da Ciroma da Yarima da Galadima. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba Magariya da Daura, amma ba ta raba harshensu ba. Ita kuwa Dungas, a 2011 aka cire ta daga Magariya ta zama gunduma mai zaman kanta.

Akwai darasi a nan ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci. Rubutun Faransanci ya ɓad da kamannin sunaye da dama: Zengou a maimakon Zango, Wacha a maimakon Waca, Mirriah a maimakon Miriya. Manomin da ya koyi karatun boko da Hausa, idan ya ga Zengou a allon hanya, ba zai gane kalmar da yake furtawa kullum ba, balle ya haɗa ta da tarihin ayari. Ƙa'idojin rubutu kuwa suna nan, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa dokar da Nijar ta fitar a 1999, kuma a Zinder ɗin ce aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973.

Abin da ya rage shi ne a bi unguwanni da ƙofofi da ƙauyuka, daga Birni har Magariya da Dungas, a ɗauki sunayensu daga bakin dattawa, a rubuta su bisa ƙa'ida, a sa su cikin littattafan karatu na manya da na yara. Ganuwar da ta faɗi ana iya gane tushenta a ƙasa ko bayan shekara ɗari. Sunan da aka manta da yadda ake furta shi, da wuya a sake samo shi.