Labarin da Hirodotus bai yarda da shi ba, amma ya rubuta

Wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Fir'auna Neko na Biyu ya tura matuƙan jiragen ruwa 'yan Finikiya daga Bahar Maliya, ya ce su kewaye Afirka. In lokacin shuka ya yi sai su sauka gaɓa, su yi noma, su jira girbi, sannan su ɗaga. A shekara ta uku suka ɓullo ta mashigin Jibralta suka koma Masar. Suka ce sa'ad da suke zagaya nahiyar, rana tana hannunsu na dama.

Hirodotus, marubucin tarihi mutumin Halikarnasus, ya ce shi kam wannan batun rana bai kwanta masa ba, amma ya rubuta. To, duk wanda ya nufi yamma a kudancin Afirka, rana a arewa take, wato damansa. Abin da Hirodotus ya ƙaryata shi ne yau hujja mafi ƙarfi ga masu ganin an yi tafiyar. Ma'auninsa ke nan: duk abin mamakin da ɗan Adam ya aikata, Bagirke ne ko baƙo, kada zamani ya shafe shi. Aikinsa ya faɗi abin da aka faɗa masa, gaskatawa kuwa ba dole ba. Shi ya sa littafinsa na yaƙin Girka da Farisa ya cika da al'adun Masar da ƙananan garuruwa, don a ganinsa babban birnin jiya shi ne ƙauyen yau.

Tusididis na Atina kuwa, shi ma marubucin tarihi, rariyarsa ta fi matsewa. Janar ne da aka kora shekara 20 bayan garin Amfifolis ya kuɓuce masa a shekara ta 424 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya zaɓi rubuta tarihin yaƙin Atina da Sparta, wanda ya ɓarke a 431, saboda girman ɓarnarsa. Ya yi watsi da tatsuniya, ya auna maganar shaidu, ya ce ainihin sanadin shi ne Sparta ta tsorata da bunƙasar Atina. Annobar Atina ta 430 ma, da ta kama shi kansa, ya bayyana alamominta dalla-dalla don a gane ta in ta dawo.

Tsantsan nasa abin yabo ne, sai dai ya ƙuntata tarihi ya koma yaƙi da siyasa. Mata da wuya su leƙo a littafinsa. Rubutun ya katse a 411, wani marubuci, Zenofon, ya ɗora daga nan, kuma mafi yawan marubutan da suka biyo baya tafarkin Tusididis suka bi wajen zaɓen abin rubutawa.