Tarihin Girka Buɗaɗɗiyar Manhaja da Hannu da Darasinsa ga Makarantun Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka riƙa girka babbar manhajar kwamfuta, watau wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, tun daga lokacin da aikin yake na ƙwararru zalla har ya zuwa yau da ɗan koyo ke iya yin sa. Za mu taƙaita bayani a kan buɗaɗɗiyar manhaja irin ta Linux, wadda kowa ke da iznin kwafa da gyarawa da rabawa. Sa'an nan mu auna abin da wannan tarihi ke koya wa malamai da ɗalibai a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ra'ayinmu shi ne, makarantar da aka kawo wa kwamfuta ba a koya mata girka manhajar ba, aron na'ura aka ba ta.

2.0 Mafarin Al'amarin

A shekarar 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, garin da layin dogo daga Zariya ya tsaya tun 1929. A cikin wannan shekara ce kuma Richard Stallman, a can Amurka, ya yi shelar aikin GNU, da nufin samar da babbar manhaja wadda ba kamfanin da zai kulle ta. Aikin ya tara kayayyaki da yawa, amma ya rasa zuciyar da ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Wannan zuciya ita ce wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fitar a 1991, aka kira ta Linux.

Girka ta a wancan zamani ba ƙaramin aiki ba ne. Alal misali, Slackware ta farko, wadda ta fito a 1993, ta zo ne a kan ƙananan faya-fayai 24, ana cusa su ɗaya bayan ɗaya. Dole mai girkawa ya san sunan kowane sashe na na'urarsa, ya yanka faifan ajiya da kansa, ya rubuta umarni da hannu. Wahalar ta hana mutane da yawa, amma wanda ya jure ya fito ya san cikin kwamfutarsa kamar yadda makaniki ya san cikin mota. Debian, wadda ita ma aka fara a 1993, ta kawo tsarin tambaya da amsa wanda ya rage wannan nauyi.

Babban sauyi ga Afirka ya zo a watan Oktoba na 2004, sa'ad da Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu. Kamfaninsa ya riƙa aika faifan manhajar ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. Wannan ya yi daidai da ƙasashen da intanet ke da tsada, domin faifai ɗaya yana iya zagaya makaranta guda.

3.0 Abin da ya Faru a Nijeriya a 2007

Shekarar 2007 ta ishe mu misali. A farkonta aka raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, ƙananan kwamfutoci na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta. Linux ce a cikinsu. An yi maganar Nijeriya za ta sayi miliyan guda, amma cinikin bai tabbata ba.

A watan Oktoba kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya ba da sanarwar cewa za a kawo wa makarantun Nijeriya kwamfutoci 17,000 ƙirar Classmate ɗauke da irin tasa Linux. Ba a jima ba sai labari ya fito cewa za a goge ta a ɗora Windows. Shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka, daga baya kuma hukumar gwamnati da ta biya kuɗin mafi yawan na'urorin ta ce za a bar su yadda suka zo.

Abin lura a nan shi ne, duk gardamar tsakanin kamfanoni da ofisoshi aka yi ta. Tambayar da aka riƙa yi ita ce, wace manhaja za a ɗora wa yara? Tambayar da ta fi muhimmanci, watau wa zai sake ɗora ta ranar da ta lalace, ba ta sami kulawa irin wannan ba. Shi kansa kamfanin Mandriva ya rufe a 2015. Ashe ke nan, abin da ke wanzuwa a makaranta bayan kamfani ya tafi shi ne ilmin da ke kan malaminta.

4.0 Mene ne Girkawa da Hannu?

Kada a ɗauka muna kiran a mai da ɗan koyo zamanin faya-fayai 24. Abin da muke nufi shi ne ya yanke kowace shawara da saninsa. Da farko zai kwashe takardunsa zuwa wani wuri, domin yanka faifan ajiya yana shafe abin da ke ciki. Sa'an nan ya rubuta hoton manhajar a kan filas, ya umarci na'urar ta tashi daga filas ɗin.

Inda ilmin yake shi ne rabon faifan ajiya. Kamar yadda magidanci ke shata zaure da ɗakuna da rumbu kafin gini, haka mai girkawa zai ware ƙaramin sashe domin tayar da na'ura, da sashen da manhajar za ta zauna, da wanda zai taimaka idan ƙwaƙwalwar na'ura ta cika, da kuma sashen ajiyar masu amfani. Amfanin ware na ƙarshen shi ne, ko manhajar ta lalace an sake girka ta, jarrabawar ɗalibai da rajistar makaranta suna nan. Bayan haka sai a zaɓi agogon Ikko, a buɗe suna da kalmar sirri, a girka GRUB, wadda ita ce ke kiran manhajar idan an kunna na'ura.

Akwai kuma mataki ɗaya da ya shafe mu a matsayinmu na masu nazarin Hausa. A wajen zaɓen allon rubutu, Linux tana ɗauke da tsarin Hausa na Nijeriya mai ɓ da ɗ da ƙ. Wanda aka girka wa manhaja a bayan idonsa sau da yawa bai san da shi ba, sai ya ci gaba da rubuta kasa inda yake nufin ƙasa.

5.0 Darasi ga Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Abubuwa biyu na kwanan nan sun ƙara wa wannan batu nauyi. Na farko, a farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara sabo da matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako, ciki har da babbar kasuwar Shinkafi. A wajen Gusau katsewar ta kai kusan ƙarshen Nuwamba. A irin wannan hali, manhajar da ke neman intanet kafin ta girku ba ta da amfani. Debian kuwa tana da cikakkun faya-fayai da ake girkawa ba tare da layi ba. Har ila yau, ɗaukar kwamfuta daga Zurmi ko Shinkafi zuwa Gusau domin gyaran da malami zai iya yi cikin sa'a guda, jefa rai ne cikin hatsarin hanya.

Na biyu, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 tana bukatar wani sashen tsaro da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Su kuwa irin waɗannan na'urori na hannu su ne aljihun ɗalibi ke iya kaiwa. Manhajoji marasa nauyi irin su Lubuntu suna iya ƙara musu shekaru na aiki.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, muna ba da shawara cewa kwalejojin horon malamai su sa girka manhaja da hannu cikin aikin da kowane ɗalibin kwamfuta zai yi kafin ya fita koyarwa, ya goge, ya girka, ya sake gogewa har hannunsa ya faɗa. Kowace makaranta kuma ta ajiye filas biyu masu ɗauke da manhajar, da taƙaitaccen bayanin matakan cikin Hausa. Duk hukumar da za ta raba kwamfutoci nan gaba, ya kamata tambayarmu ta farko gare ta ta zama: malamai nawa za a koya wa girkawa kafin motar kaya ta juya?