Kwaɗon Ƙofa da Zare: Auna Ƙarfin Janyowar Ƙasa a Gida ga Ɗaliban Karatu Daga Nesa

Tsakure

Maƙalar ta duba ko ɗalibin fiziks da ke karatu daga nesa zai iya auna ƙarfin janyowar ƙasa, wato g, a ɗakinsa. Lissafi ya nuna cewa babban kuskuren yana cikin awon tsawon zare, ba agogo ba, kuma akwai dabarar kauce masa.

Waiwaye

Gwaji a gida ba sabon abu ba ne. Tun da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta fara koyarwa a 1971 ta riƙa aika wa ɗalibanta akwatunan kayan gwaji har gida. Tamu ta Nijeriya, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai daga baya gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita.

Saɓaninmu yana ga masu cewa gwajin cikin kwamfuta, irin na PhET da Carl Wieman ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002, ya wadatar. Sukan kafa hujja da binciken Holmes da abokan aikinta na 2017, wanda bai ga ƙarin maki a jarrabawa ba ga ɗaliban da suka shiga ɗakin gwaje-gwaje. Amma abin da aka auna can shi ne fahimtar darasin aji. Ba a auna iya awo ba. A kwamfuta zare ba ya miƙewa, hannu ba ya rawa, fanka ba ta kaɗa komai. Wanda bai taɓa cin karo da kuskure ba, ina zai koyi gano shi?

Hanyar Bincike

An ɗauki lilo mafi sauƙi: ƙusa a dokin ƙofa, zaren ɗinki mai ƙarfi, kwaɗo a ƙarshensa, da agogon waya. An bi yadda kowane kuskure ke shiga ƙa'idar g = 4π²L/T², inda L ke nufin tsawo, T kuma lokacin zuwa da dawowa. An ɗauki g na Kano a matsayin 9.78.

Sakamako

Zaren mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin daƙiƙa 2.01. Yatsa kan makara da kimanin daƙiƙa 0.2, wanda a lilo ɗaya ke ɓata g da kashi 20 cikin ɗari. A ƙirga lilo 20, ɓarnar ta koma kashi 1. Matsalar agogo ke nan ta kau, ba a kashe ko kwabo ba.

Tsawo ne ke da wuyar sha'ani. L yana ƙarewa ne a tsakiyar nauyin kwaɗon, wurin da ido ba ya gani, kuma kwaɗo ba dunƙulallen ƙarfe ba ne: gindinsa ya fi samansa nauyi. Ɗalibin da ya gaza da santimita 2 a zaren mita ɗaya zai sami 9.58. A zaren santimita 40 kuwa zai sami 9.29. Ko ya kwana yana maimaitawa, amsar ba za ta gyaru ba, domin kuskuren gefe guda yake karkata kullum. A nan ne wasu kan rubuta 9.8 daga littafi su huta.

Maganin shi ne a daina neman tsakiyar kwaɗon. A auna daga ƙusa zuwa ƙullin zare kawai, a tsawo biyar: santimita 40, 60, 80, 100 da 120. A auna T a kowane tsawo, a zana T² a kan L, ana rubuta L cikin mita. Miƙaƙƙen layi zai fito mai gangara 4.04, kuma g shi ne 4π² a raba da wannan gangarar. Santimitocin da suka ɓace ba sa taɓa gangarar, gusar da layin kawai suke yi. Inda layin ya ratsa gindin zanen, can bayan sifili, shi ne nisan ƙulli da tsakiyar nauyin. Wato ɗalibi ya auna abin da tef bai iya kaiwa ba.

Iyakoki

Dole a yarda cewa wannan lissafi ne, ba a gwada shi kan ɗalibai ba. Dabarar ba ta gyara tef ɗin tela da ya miƙe, don haka na ƙarfe irin na kafinta ake so, kuma kada jan kwaɗon ya wuce digiri 10. Kuma ba kowane gwaji ake iya yi a gida ba: gwajin lantarki mai ƙarfi ba na tsakar gida ba ne.

Muna kira ga masu tsara manhajar karatu daga nesa da su sa wannan gwaji a zangon farko, su kuma ba da maki a kan zanen da bayanin kuskure, ba a kan kusancin amsa da 9.8 ba.