Gina adireshin fayil mai aiki a kowace na'ura: nazari daga yanayin harsunan Kilomita Biyar

Adireshin fayil jerin sunaye ne da manhaja ke miƙa wa babbar manhajar na'ura domin ta gano inda bayani yake ajiye. Mai rubuta manhaja da yaren C ko makamancinsa shi ke ɗinka wannan jeri da hannunsa, kuma kowace babbar manhaja tana da nata sharuɗɗan. Unguwar Kilomita Biyar da ke gunduma ta 3 a birnin Bangui ta dace da wannan nazari, domin cibiyar kasuwanci ce inda Sango da Faransanci da Hausa da Larabci ke cuɗanya. Katin memori guda da ya bi ta hannun 'yan kasuwarta yana iya ɗaukar sunaye cikin dukan harsunan, ya fita daga wayar Android mai ginshiƙin Linux ya shiga kwamfuta mai Windows.

Bambancin da aka fi sani shi ne alamar da ke raba sunaye. Unix ta ɗauki /, ita kuwa MS-DOS 2.0 da ta fito a 1983 ta ɗauki \ saboda an riga an ware / don zaɓuɓɓukan umarni. Wannan shi ne mafi sauƙin magani, tunda yawancin umarnan Windows suna karɓar duka biyun, sai fa idan adireshin ya fara da \\?\. A C++17 da Rust akwai std::filesystem::path da PathBuf masu haɗa sassa da kansu. Abin lura guda: idan sashen da aka ƙara cikakken adireshi ne tun daga tushe, yana shafe na farko gaba ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake ajiye haruffa. Linux na kallon suna a matsayin jerin bait kawai, ba ta hana komai sai / da bait ɗin sifili. Windows na ajiye suna da UTF-16, amma tsohon umarnin fopen yana fassara shi ta shafin haruffan da aka saita wa na'urar. A kwamfutar da aka saita da Faransanci shafin shi ne Windows-1252, wanda ke da é da ç, har da â da ë da Sango ke nuna karin sauti da su, amma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Sakamakon haka manhaja za ta buɗe fayil mai sunan Faransanci ko Sango lafiya lau, marubucinta ya saki jiki, sai ta cije a kan «Ƙasidar Ɗan Fodiyo.mp3». Wannan aibi ne da gwaji ba ya kamawa idan ba a sa sunan Hausa cikin gwajin ba, kuma asarar a kan Bahaushe take faɗawa. Mafita ita ce a riƙe suna da UTF-8 a cikin manhaja, a juya shi da MultiByteToWideChar daidai bakin kiran _wfopen ko CreateFileW. Tun 2019 Windows 10 ta ba da damar manhaja ta zaɓi UTF-8 kai tsaye, sai dai tsofaffin na'urori ba su da wannan gata.

Sango ma tana da nata tarkon. Ana iya rubuta ë da lamba ɗaya ko da biyu, wato e da ɗigo biyunta daban, kuma tsarin HFS+ na Apple yana warware ta gida biyu. Ido na ganin suna ɗaya, kwatancen bait na ganin biyu. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ba sa warwaruwa haka, amma rubutun Najeriya na sa 'y inda na Nijar ke sa ƴ, kuma wannan ɗan waƙafi na sama yana tsinka umarni idan aka liƙa suna cikin kiran system ba tare da kariya ba.

Katin memori na ƙara nasa iyakokin. Tsare-tsaren ajiyarsa, FAT32 da exFAT, ba sa karɓar < > : " | ? * a suna, don haka «Baƙara 2:255.mp3», wanda ya halatta a Linux, ba zai kwafu ba sai an sauya ɗigo biyun. Haka kuma ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami: «Wa'azi» da «wa'azi» fayil biyu ne a tsarin ext4 na Linux, amma a kati ɗaya zai danne ɗaya. Windows kuma ta keɓe sunaye irin su CON, AUX da NUL.

Sai batun tsawo. MAX_PATH, wato iyakar tsawon adireshi a Windows, haruffa 260 ne, yayin da Linux ke ba suna guda bait 255, cikakken adireshi kuma 4096. Da yake kowane harafi mai lanƙwasa da kowane baƙin Larabci na cin bait 2 a UTF-8, sunan ajami yana cika mizani da kusan rabin haruffan da boko ke buƙata. Saboda haka tilas a duba abin da snprintf ya mayar, domin adireshin da aka datse yana iya nuna wani fayil daban. Sunan da ya zo daga waje mai ɗauke da .. shi ma a ƙi shi, a buɗe fayil da openat, wanda POSIX ta shigar a 2008, daga foldar da aka riga aka tantance.