Taruwar Ruwa a Ƙwaƙwalwa: Tarihin Fahimtar Cutar da Neman Maganinta

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka fahimci cutar nan da ke sa kan jariri ya yi ta girma fiye da ƙima, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa su riƙa kallon ƙasa. A yau an san cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu da ke ɗauke da wani ruwa garai-garai. Wasu tarin ƙananan jijiyoyin jini ne da ke cikin ɗakunan suke tatso shi, ya gangara ta ƙananan kafofi, ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya shanye shi. Jikin baligi yana samar da kusan rabin lita a kullum, alhali abin da ke cikinsa a lokaci guda bai wuce kimanin mililita 150 ba. Ke nan da zarar hanya ta toshe, ko shanyewar ta gaza, dole ruwa ya taru. Wannan bayani da ake yi cikin 'yan layuka sai da ya ci wa masana fiye da shekaru dubu biyu.

Daga Girka zuwa Andalus

Likitocin Girka na dā sun san cutar, su ne ma suka raɗa mata sunan da ke nufin ruwan kai, amma galibinsu sun ɗauka ruwan a wajen ƙwaƙwalwa yake taruwa. A kan wannan fahimta Abul Ƙasim al-Zahrawi ya yi aiki. Shi likita ne a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya. A juzu'i na talatin na littafinsa Al-Tasrif, wanda ya keɓe wa tiyata, ya ware babi guda a kan ruwan da ke taruwa a kan jarirai. Ya bambance ruwan da ke tsakanin fata da ƙashi da wanda ke ƙarƙashin ƙashi, ya siffanta wuƙar da za a yi amfani da ita da irin tsagar da za a yi. Ya kuma kawo labarin wani yaro da kansa ya yi ta girma kullum har ya kasa zama saboda nauyinsa, daga bisani ya mutu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, duk da wannan bayani, al-Zahrawi ya faɗi ƙarara cewa duk yaran da ya gani da cutar mutuwa suka yi cikin gaggawa, don haka shi ya zaɓi ya bar yin aikin. Ba kowane likita ne zai rubuta haka da hannunsa ba, kuma a zamanin da ba a san ƙwayoyin cuta ba, wannan shi ne hukunci mafi aminci ga yaron.

Sai a ƙarni na goma sha shida Andreas Vesalius ya gyara kuskuren. Ya feɗe gawar wata yarinya 'yar shekara biyu a garin Augsburg na Jamus, ya tarar da ruwan duk a cikin ɗakunan ƙwaƙwalwa yake, har ya tura ƙwaƙwalwar ta zama siririya a jikin ƙoƙon kai. Daga nan bincike ya ci gaba sannu a hankali. A 1764 Domenico Cotugno na Italiya ya nuna cewa ruwan halitta ne a jikin mai lafiya. François Magendie na Faransa ya ba shi suna a ƙarni na goma sha tara, sannan a 1891 Heinrich Quincke ya ƙirƙiro ɗibarsa da allura ta ƙasan baya, tare da auna ƙarfin matsinsa.

Gano Toshewa da Neman Mafita

A 1913 Walter Dandy da Kenneth Blackfan na asibitin Johns Hopkins a Amurka suka toshe siririyar magudanar da ke tsakanin ɗaki na uku da na huɗu a ƙwaƙwalwar karnuka da ɗan ƙullin auduga. Ɗakunan da ke sama da toshewar suka cika suka buɗe. Wannan gwaji ne ya tabbatar da inda ruwan yake fitowa da inda ya nufa, ya kuma mayar da cutar matsalar magudana. Hanyoyin gyara uku ne suka bayyana: a rage tatsowar ruwan, ko a huda masa sabuwar ƙofa a cikin ƙwaƙwalwa, ko a janye shi da bututu zuwa wani sashe na jiki. Dandy ya gwada ta farko a 1918, William Mixter ya yi ta biyu da na'urar leƙe a 1923, amma kayan aikin lokacin ba su kai ba, yara da yawa suka mutu.

Hanya ta uku ce ta yi nasara, kuma wanda ya kammala ta makaniki ne. A Nuwamban 1955 aka haifa wa John Holter ɗa mai suna Casey da tsagaggen ƙashin baya, sai ruwa ya taru masa a kai. Likitan yaron a Filadelfiya, Eugene Spitz, ya riga ya gwada wani bawul tare da Frank Nulsen tun 1949, sai dai yana yawan toshewa. Holter ya koma ɗakin aikinsa na gida, cikin 'yan makonni ya ƙera bawul na robar silikon wanda ke barin ruwa ya wuce ta fuska ɗaya kawai. An fara sa wa yara shi a 1956. Shi kuwa Casey, zuciyarsa ta taɓa tsayawa a wata tiyata da aka yi masa tun kafin bawul ɗin ya samu, abin da ya lalata masa ƙwaƙwalwa, ya rasu yana da shekara biyar. Bawul ɗin mahaifinsa ya ceci dubban 'ya'yan wasu.

Afirka da Matsalar Bututu

A Nijeriya, E. Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962. Sai dai bututu yana da aibi babba ga talaka mazaunin karkara, domin kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake sa wa yara sukan sami matsala cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Idan bututu ya toshe wa yaron da ke tafiyar yini daga asibiti, sau da yawa ajali kan riga likita.

Wannan ne ya fuskanci Benjamin Warf, Ba'amurken da ya fara aiki a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda a farkon shekarun 2000. Ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na jariran da ake kawo masa sun sami cutar ne bayan ƙwayoyin cuta sun kama ƙwaƙwalwarsu a makonnin farko na haihuwa, saɓanin abin da aka saba gani a Turai. A 2005 ya nuna cewa bututun Chhabra na Indiya, mai dala 35, bai gaza na Amurka mai dala 650 ba. Bugu da ƙari, ya koma kan hanyoyin nan biyu na Dandy da Mixter, ya haɗe su a aiki guda da na'urar leƙe ta zamani, watau a huda ƙasan ɗaki na uku, a kuma ƙona jijiyoyin da ke tatso ruwan. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2017 ya nuna cewa bayan shekara guda, babu wani bambanci na a-zo-a-gani a haɓakar basirar jariran da aka yi wa wannan aiki da waɗanda aka sa wa bututu. A 2020 kuma masu bincike suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Paenibacillus a ruwan ƙwaƙwalwar da yawa daga jariran Yuganda. Likitocin Amurka sun riƙa zuwa Mbale domin koyon wannan tiyata, suna komawa da ita asibitocinsu.