Rana da Agogo a Zangon Abidjan

Baƙon da ya taso daga Kano ko Maradi, in ya sauka a tashar motocin Adjamé cikin birnin Abidjan, abin da za a fara gaya masa shi ne ya mai da agogonsa baya da awa ɗaya. Shi kuwa sai ya zaci magana ta ƙare ke nan. Amma in ya shekara a can zai lura da wani abu. Dogon yinin nan na farkon damina da ya saba da shi a gida, da gajeren yinin hunturu, duka biyu babu su. Rani da damina, gari yakan waye wajen ƙarfe shida, rana kuma ta fāɗi wajen ƙarfe shida. Wannan abu yana da dalili, yana kuma da tarihi.

Kakanninmu da suka fara bin hanyar yamma ba su da agogo. Fatake ne masu neman goro, suna bin madugu zango zango har Salaga ta ƙasar Gwanja, waɗansu kuma har Bonduku, wadda yau take cikin ƙasar Kodibuwa. Sa'ad da Bafaranshen nan Binger ya ratsa garuruwan nan a 1888, ya tarar da Hausawa suna ciniki a ciki. Sararin sama shi ne agogonsu. In Gamzaki ya fito, sai a ɗaure kaya. Yini kuma an yanka shi da sunaye: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Malamai kuwa sukan auna inuwa da tafin ƙafa, bisa ga lissafin cewa tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne. Amma wannan awo na wurinsa ne kaɗai. A watan Disamba inuwar mutum da tsakar rana takan kai ƙafa biyar a Kano, a Abidjan kuwa ba ta cika huɗu ba. Duk wanda ya sāke gari, tilas ya sāke koyon inuwarsa.

Jirgin ruwa da jirgin ƙasa su ne suka kawo sauyi, gama ba za a iya tsara tafiyarsu ba in kowane gari yana bin tsakar ranarsa. A 1884 wakilan ƙasashe suka taru a Washington ta Amurka, suka yarda a riƙa ƙidaya daga layin da ya ratsa Greenwich a Ingila. Layin nan ya bi ta Tema a ƙasar Gana. Faransa ba ta bi ba sai a 1911, Kodibuwa kuma ta shiga agogon GMT a 1912. Nijeriya ta sa nata agogon gaba da GMT da awa ɗaya a 1919. Daga nan ne awar da baƙonmu yake ragewa a Adjamé ta samo asali.

A zamanin nan ne kuma Abidjan ta taso. An soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga can a 1904, ta kai Bouaké a 1912. A 1934 Abidjan ta zama babban birni a madadin Bingerville. Turawa suka zauna a unguwar Plateau, 'yan ƙasa da baƙi kuwa aka bar musu Adjamé daga arewa, da Treichville a ƙetaren ruwa daga kudu. Da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka sami shiga, aiki ya yawaita, mutanen Nijar da na Nijeriya ta Arewa suka yi ta kwararowa. Akwai 'yan koli, da mahauta, da masu tsire, da 'yan dako. Har abincin nan da duk Abidjan ta sani, na rogo da soyayyen kifi, da sunan Bahaushe ake kiransa, wato garba. Waɗannan mutane sun zo da lokacin rana a kansu, suka tarar da birnin da agogo yake mulki.

To, yaya ake lissafin fitowar rana da fāɗuwarta a wani wuri? Abu uku ake dubawa.

Na fari shi ne nisan wurin daga layin tsakiyar duniya, wato Ikwaita. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, saboda haka rana takan jingina arewa a Yuni, ta jingina kudu a Disamba. Gwargwadon nisan gari daga layin, gwargwadon bambancin yininsa. Kano tana digiri 12 arewa. Yininta mafi tsawo awa 12 ne da minti 50, mafi gajarta kuwa awa 11 da minti 25. Abidjan tana digiri 5 da 'yan kai. Nata yinin daga awa 11 da minti 49 yake zuwa awa 12 da minti 26. Wato bambancin Kano ya kusa awa ɗaya da rabi, na Abidjan bai kai minti 40 ba.

Na biyu shi ne gabas da yamma. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, wato kowane digiri minti 4 ne. Tsakanin Kano da Abidjan digiri 12 da rabi ne, minti 50 ke nan. Agogo ya raba su da minti 60, rana kuwa da 50.

Na uku shi ne, rana ba ta tafiya daidai da agogo duk shekara. A farkon Nuwamba takan riga shi da minti 16, a tsakiyar Fabrairu kuma ta makara da minti 14. Shi ya sa tsakar rana a Abidjan takan zo da ƙarfe 12 daidai a Nuwamba, amma sai 12 da rabi a Fabrairu.

Kada mai karatu ya ce wannan wasan malamai ne. A 21 ga Yuni rana takan fāɗi a Kano wajen ƙarfe 6:53, a Abidjan kuwa 6:31, kowanne bisa agogon garinsa. Wanda ya rataye kalandar Kano a shagonsa na Treichville ya dogara da ita, ya yi kuskuren fiye da minti 20. Ga mai azumi wannan ba ƙaramin abu ba ne, haka ga mai tafiya da yake so ya isa gari da sauran haske. Watan Yuni kuwa shi ne tsakiyar babbar damina a Abidjan, lokacin da gajimare yakan rufe rana, ido bai isa ya gyara kuskuren ba.

Yau wayar hannu takan ba da lokacin cikin ƙiftawar ido, amma sai an gaya mata garin da ake. Wanda yake so ya gwada da kansa, sai ya kafa sanda a miƙe a tsakar gida, ya dubi sa'ar da inuwarta ta fi gajarta. Ita ce tsakar ranar wurin. A Abidjan, farkon Afrilu da wajen 9 ga Satumba, inuwar takan ɓace ɗungum a gindin sandar. A Kano sai wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta. Fataken dā sun san wannan ba tare da lissafi ba, gama in sun sauka a sabon zango, sukan tambayi mutanen gari kafin su amince da inuwar da suka zo da ita.