Darasin Kambalda Ga Masu Neman Arzikin Ƙasa

'Yan'uwa mazauna birane, tarihin garin Kambalda na Yammacin Ostareliya abin nazari ne gare mu. Zinariya ce ta kafa shi a 1897, ya zama kufai bayan rufe mahaƙarta a 1907. Yana kan jerin korayen duwatsun da aman wuta ya shimfiɗa shekaru miliyan 2,700 da suka wuce, inda nikel mai haɗe da farar wuta ya kwanta can ƙasa saboda nauyinsa.

A 1954 wani mai neman ma'adinai, George Cowcill, ya tsinci duwatsu masu tsatsa a wurin. Sai bayan shekara goma kamfanin Western Mining ya duba su. Masana suka auna ƙasa, suka zana taswira, suka haƙa ramin gwaji. A Janairun 1966 suka cim ma nikel.

Daga nan kwaɗayi ya shigo. Hannun jarin kamfanin Poseidon, wanda ya sanar da gano nikel a Windarra, ya tashi daga ƙasa da dala 1 a 1969 zuwa dala 280 a Fabrairun 1970, sannan ya rushe, jama'a da dama suka tsiyace.

Mu ma muna da duwatsu masu zinariya a Birnin Gwari, Anka da Maru, kuma mun ga yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Don haka mu tura 'ya'yanmu karatun ilimin duwatsu, kada mu sayar da gonakin gado a kan jita-jita. Allah Ya sa mu dace.